Sai Inna Ta Yarda a Je Gidimuni

"Gidimuni? Da yarinya 'yar shekara tara, a cusa ta a mota kamar buhun gero? Baban Najaha, wai wa yake ba ka shawara ne?"

"Kwana biyu ne fa, Habsatu. Mu kwana Damagaram gidan Yaya Alasan, da safe mu..."

"Kuma a wannan sanyin! Ka manta tarin da ta yi bara?"

Lawwali ya share gumin da ke bin wuyansa da gefen riga. Wayar tana tsakaninsa da 'yarsa a kan tabarma, an jingine ta da kwanon sha. Najaha ta yi tagumi, leɓɓanta suna motsi tare da maganar uwar. Ta san faɗan nan fiye da yadda ta san karatun lakwal, makarantarsu ta boko.

Mushen ajinsu, wato malaminsu, shi ne ya jawo. Shi ya nuna musu hoton tafkin Gidimuni a cikin littafi: ruwa shimfiɗe, dabino ya kewaye shi, ga tudun yashi a baya. Najaha ba ta taɓa ganin ruwan da ya fi kududdufin bayan unguwarsu girma ba. Tun daga ranar take roƙo.

Yanzu saura kwana huɗu hutun Maris ya ƙare. Lawwali ya bar wa ƙaninsa rumfar rake a kasuwar Matameye, ya roƙi Marwan direba ya ajiye musu gurbi biyu a gaba, motar gobe da safe. Yarinyar ta rame, ta daina leƙa ko ƙofar gida, tuwo sai an yi da gaske take kai loma uku. Zancen tafkin nan ne kaɗai ke sa idonta ya yi haske. Ya rantse a ransa sai ta ga ruwan nan.

Amma Najaha ta kafe. Ta shirya jakarta, ta sa kaye, littafinta na rubutu, da fensir da rigar sanyi, sannan ta zauna a kanta. Inna ta ce ba inda za ta je sai ta yarda. To, sai ta yarda.

Ita kuwa Habsatu, shekara goma sha ɗaya da aure, ba wanda ya taɓa jin ta amsa abu kai tsaye. Ka ce mata sannu da aiki, ta ce aikin ne ya aiko ka? Ka yaba miyarta, ta ce ashe ta jiya ba ta yi ba ke nan. In ta fusata muryar ta hanci take fita, siririya, sai ka rantse sauro ne ya sami lasifika.

Lawwali ya gyara zama, ya taɓa wayar.

"Ruwa za ta gani, Habsatu. Ruwa mai yawa, da tsuntsaye."

"Ruwa? Randa ta ƙafe ne? Cika mata baho ta zauna ta yi ta kallo, ka jefa mata kaza a ciki!"

Najaha ta ɗan murmusa. Nan take murmushin ya koma inda ya fito.

Fati maƙwabciya ta yi sallama, ta zo aron rariya. Ƙafarta ɗaya a tsakar gida muryar ta tarbe ta. Ta tsaya cak, ta dafe ƙirji, ta yi salati a hankali, ta juya ba tare da rariyar ba. Uba da 'ya ba wanda ya ɗaga kai.

Ya sake gwadawa. Ya ce zai riƙe hannunta, ba za ta kusanci baki-bakin ruwa ba. Ya ce zai sayo wa Habsatu dabino mai laushi.

"To," in ji muryar.

Najaha ta zabura, ta riƙe igiyar jakarta.

"...to wa zai ba awaki dusa? Ni? Da wannan cikin?"

Yarinyar ta koma ta zauna. Inuwar katanga ta haye tabarmar, an kira la'asar a masallacin unguwa. Alamar caji ta koma ja. Lawwali ya daɗe yana murza fuskar wayar da babban yatsa, sama, ƙasa, sama, kamar mai tsintar tsakuwa a cikin shinkafa. Ya duba ko'ina. Babu abin da yake nema.

"Baba, saura guda," in ji Najaha.

Ya ci gaba da murza wayar.

"Na can ƙasa. Ni zan tambaye ta."

Ta sauko daga kan jakar, ta gyara ɗankwali, ta durƙusa gaban wayar yadda take yi in za ta gaida manya.

"Inna, yau na ci tuwo, na cinye duka, Baba shaida ne. Na sa rigar sanyi a jaka. Ba zan shiga ruwa ba, kallo kawai zan yi. Mu tafi?"

Yatsan Lawwali ya sauka a kan saƙon murya na ƙarshe, shi kaɗai ne ba su taɓa buɗewa ba cikin ɗari biyu da wani abu da Habsatu ta bari a wayar. Daga gadon haihuwa ta aiko shi wata uku da suka wuce, yana kasuwa, yana fushi da ita, ya ce sai an jima. Kafin magariba an binne ta tare da jaririn. Tsawon saƙon daƙiƙa biyar ne. Aka ji numfashinta, sannan siririyar muryar nan ta fito ta hanci:

"Baban Najaha, yajin nan da ka aiko na ƙarya ne. Ko ƙuda ya faɗa ciki ba zai yi atishawa ba."