Ramin Majemi da Jakar Farin Jini

Masu koyarwa sukan ce ƙwayoyin farin jini sojoji ne masu kashe cuta da dafi, daga nan su rufe baki. Wannan rabin magana ne, ni kuwa ban yarda da rabin magana ba. A cikin ƙwayar farin jini akwai wata 'yar jaka, laisosom, cike da ruwa mai tsami wanda ke narkar da ƙwayar cutar da farin jinin ya haɗiye. Me ya hana ruwan cin jakar kanta? Wani sinadari ne, furotin, da ya lulluɓe bangonta ta ciki. Ga misalinsa.

Wani majemi yana da ramin jima a bayan ɗakinsa, an shafe cikinsa da laso, wato shafen da ke hana ruwa tsiyaya. Ruwan tokarsa kaifi gare shi: fata ta kwana, gashi ya zube, tsutsa ta mutu. Kullum ruwan yake yabo, bai taɓa leƙa shafen ba. Bayan Babbar Sallah mutanen unguwa suka ba shi amanar fatun layyarsu. Sai ya ga ruwan yana raguwa, fatun suna ɗoyi. Nan take ya zargi maƙwabcinsa, wanda shi ma majemi ne, da satar ruwan. Ya daina amsa sallamarsa, ya hana matarsa shiga gidan maƙwabcin, ya kewaye ramin da ƙaya. Da ya ga gindin katangar ɗakinsa ya jiƙe yana marmashewa, sai ya ce asiri ne aka binne masa. Maƙwabcin ya aiko masa: "Malam, kwashe ruwan ka duba ƙasan ramin." Shi kuwa ya ce wannan ma makirci ne, ya ƙara toka. Ranar da katangar ta zube, dole ya kwashe. Ga tsaga a shafen, yatsa na shiga. Ta nan ruwan ya zurare ya ci ginin, ya bar fatun jama'a tsutsa tana ci.

Haka jakar nan take. In furotin ɗin ya gaza, ruwan ya ɓarnata gidansa, wato ƙwayar farin jinin, ƙwayar cuta kuma ta tsira. Hausawa sun ce, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kafin ka tuhumi na waje, kwashe ruwanka ka duba shafen.