Lagireton Iska

Garzali ya jingina ƙarfen da bangon zaure, ya kaɗe masa yanar gizo-gizo, ya tsaya yana kallonsa. Lagireto ne, amma na iska, ba na ruwa ba. Shekara biyu yana rataye a ɗakin ajiyar yayansa Abbas, bayan buhunan takin zamani, kuma da a ce Abbas yana gida yau ma da bai sauko ba. Abbas ya tafi ta'aziyya Bunkure.

"Maigidan fa ya ce kada a taɓa shi," in ji Rekiya, matar Abbas, daga bakin ƙofa.

"Yaya Rekiya, in ya dawo ki ce ni ne."

Da ya ɗaga shi, ya ji wani abu ya yi ɗan kacau a ciki. Ya yi a'uziyya ya wuce, don ya saba jin irin wannan sauti a inda babu kowa.

Motarsu ɗaya ce, Fijo a-kori-kura, da ita suke kai tumatirin Kadawa kudu, shi kuwa tumatir ba ya jiran kowa. Abbas ya koyi kanikanci a hannun Turawan da suka haƙa kanal, babbar hanyar ruwan noman rani, kuma kansa yana ja. Shi ya ɗora wa injin wani famfo mai dura masa iska, ya raɗa masa suna zugazugi. Mota ta zama aljana. Sai dai iskar da aka matse zafi take ɗauka, in bazara ta yi sai injin ya riƙa ƙwanƙwasa kamar zai fashe. Maganin, in ji Abbas a lokacin, shi ne a bi da iskar ta cikin wannan lagireto, a kafa shi a gaban mota, ƙasa da bamba, inda iskar hanya za ta sanyaya ta kafin ta shiga injin. Garzali bai taɓa ganinsa a jikin motar ba. Da ya tuna ya tambaya, Abbas ya ce ya gwada, aikin banza ne.

Makon jiya injin ya tsaya masa kafin Kwara, kwando arba'in suka zama ruwa. Shi ya sa yau ya ɗauko sifana, ya kwance bamba, ya tanadi tiyo biyu.

Ba don wannan asarar ce Garzali ya rame ba. Rasuwar matarsa Barira ce. Wata safiya, shekara biyu ke nan, ta fito da kwanon koko za ta kai masa gona, mota ta buge ta a hanyar bakin kanal ta wuce abinta. Ba wanda ya gani. Kowa ya ce aikin manyan motocin nan ne masu kwasar shinkafa, su ne ba su san birki ba. Murjanin wuyanta ya tsinke ya watse a hanya. Ƙwaya ashirin da ɗaya ya saya mata, goma sha takwas aka tsinto, ya zuba su a gwangwani ya ajiye a ƙarƙashin matashinsa.

Tun daga nan bai sake samun sukuni ba. Duk babbar motar da ta tsaya a Kura sai ya zagaya gabanta ya duƙa ya duba, har direbobi suka fara ce masa mai duba hanci. Ba fansa yake nema ba, so yake kawai ya san wanda ya bar ta a kwance bai tsaya ba. In ya bi ta hanyar nan da safe, yakan hango mace da kwano a ka, in ya matso sai ya ga ba kowa sai ruwa yana tafiya.

Allah ya sa yana da ɗan'uwa. Abbas ne ya fara kama makara, shi ya shiga kabari. Shi ya ɗauki 'yarsu Sa'a ya riƙe, yana fifita ta a kan nasa har Rekiya tana mita. Ya bar masa motar gaba ɗaya, ya ce idonsa ya daina gani sosai, ko da yake har yanzu yana zura zare a allura. Cin abinci tare ma ya daina, wai gyambon ciki. Garzali yakan ce ko uba iyakar abin da zai yi ke nan.

Ya kwanta a ƙarƙashin mota don ya auna inda zai huda, sai ya tarar da hudoji huɗu suna jiransa, daidai wa daida. Ya yi murmushi, aikin Yaya ba ya kuskure. Ya fito ya koma zaure, ya jawo lagireton ya ɗora a cinya. Gefensa na ƙasa ya taɓa lotsawa, an buga da guduma an miƙar, amma ba irin bugun Abbas ba ne mai tsafta, wannan kamar hannun mai shi rawa yake yi.

Ya sa waya yana sakace tsakanin haƙoran ƙarfen. Ƙaiƙayin shinkafa ya zubo, da fikafikan fara, da busasshiyar laka.

Inuwa ta rufe ƙofar zauren. Abbas ne, da takalmansa a hannu, bai yi sallama ba.

"Garzali," ya ce, muryarsa can ƙasa. "Ajiye shi."

"Yanzu zan gama, Yaya."

Ya tura wayar cikin lotsawar nan, ya karkata ƙarfen, abin da ke kacau ya gangaro tafin hannunsa. Ya hure ƙurar.

Murjani ne, guda uku.