Kwalbar Mai Lasifika

Kullum a bakin tasha Mai Lasifika yakan buɗe kwalba ya kwankwaɗe ta a gaban jama'a. Maganin maza yake sayarwa, mai cike da sinadarin ƙarfe, wai cokali uku a rana ya isa mutum ya fara neman sunan jariri. Abin da jama'a ba su sani ba, kwalbar da yake sha ta daban ce, baƙin shayi ne a ciki. Shi ba wawa ba ne da zai sha abin da ya dama da hannunsa a bokiti.

A tasha yakan ce 'ya'ya sun yi masa yawa har yana rikita sunayensu. A gida kuwa shekara da shekaru ko kukan jinjiri babu, kuma abin yana cinsa a rai. Duk sabon tallan da ya tsara, matarsa yake fara rangaɗa wa, ita ko ta saki baki tana gyaɗa kai. Baiwar Allah, an gwada ta har an gaji, an ce lafiyarta ƙalau, amma ba ta taɓa ce masa kai ma je ka ba. Iyakarta ta ƙara masa miya.

Miyar ma ya daɗe yana ƙorafin tana ɗanɗanon tsatsa, har tukunya ya sauya. Kwalabe kuma suna ta ɓacewa daga kwali. Ya ɗora wa ƙaninsa da ke taya shi talla sata, ya kore shi.

Da kasala da ciwon gaɓoɓi suka ishe shi, gwanin magani ya saci jiki ya tafi asibiti.

“Ƙarfe ya taru a jikinka fiye da kima,” in ji likita. “In ya yi yawa, ƙwayoyin da ke samar da maniyyi mutuwa suke yi. Wane magani kake sha?”

“Ni? Sayarwa nake yi, likita, ba sha ba.”

Ya koma gida, ya faɗa wa matarsa cewa matsalar haihuwar daga gare shi take. Ta dube shi da tausayi, ta ajiye masa kwanonsa.

“Kada ka damu, maigida. Ashe cokali ukun da nake zuba maka a miya bai isa ba. Yau shida na sa.”