Bangon da Yake Jiƙa da Safe

Ƙarfe bakwai na safe Akawu ya watsa wa bangon ɗakinsa bokitin ruwa, ya ja da baya, ya ɗaga waya ya ɗauki hoto. Kwana na tara ke nan.

Shi ya huda bututun ruwa da ƙusa garin rataye talabijin, bango ya kumbura, dillalin gida ya kawo masa takardar tashi. Amma Akawu ya yi boko, kuma ɗan boko ba ya laifi. Ya shigar da ƙara cewa gidan ne ruɓaɓɓe, mai shi ya ƙi gyara. Matsala ɗaya: tun da aka toshe bututun, bangon ya bushe ƙayau. Sai ya koma ba shi ruwa kamar shuka.

Bokitin na tsohuwar da take share tsakar gida ne. Kullum tana nan tun kafin kowa ya tashi, makullai na ƙara a bakin zaninta, tana faɗa da 'yan haya kan ɓawon lemo. Akawu bai taɓa tambayar inda take kwana ba. Wa yake tambayar tsintsiya gidansu?

“Iya, riƙe min jaridar nan jikin bango, a ga kwanan wata.”

“Ɗana, bangon nan da buhu shida na siminti aka shafe shi.”

“Ke dai riƙe. Me kika sani game da siminti?”

Ta riƙe. Ranar ƙarshe ta gyara ɗankwali ta ce a ɗauke ta ita ma, da bokitinta a hannu, ruwa na ɗiga a bango, ta ga yadda take fita a hoto. Ya yi dariya har da buga cinya, ya ɗauka, ya tura wa 'yarta a waya kamar yadda ta roƙa.

Ya rubuta takardar shaida shafi biyu, ya ce ta dangwala yatsa. Ta ce yatsanta na ciwo, ta fi son ta faɗa da bakinta a gaban alƙali. Akawu ya ji daɗi. Ya ba ta kujerar gaba a mota, ya yi ta koya mata abin da za ta ce, tana gyaɗa kai.

A kotu ya baje hotuna a tebur, ya taɓe baki.

“Shekara biyu ina gidan nan, ranka ya daɗe, ban taɓa ganin ƙeyar mai gidan ba. Yau ma ya ɓuya bayan dillali.”

Alƙali ya dubi jama'a. “Ina mai gidan?”

Makullai suka yi ƙara a gefen Akawu. Iya ta miƙe, ta ɗaure zani, ta ɗaga hoton da ya tura wa 'yarta.

“Ga ni, ranka ya daɗe. Ga kuma bokitin.”