Wa Ya Matsa Ƙafar?

Na buga teburin likitan har biro ya faɗi.

"Ɗana da ƙafarsa ya shigo nan! Jijiyar gwiwa kawai kuka ce za ku ɗinke, yau ga shi a kabari. Ban yi boko ba, amma wallahi sai na kai ka gaban alƙali!"

Matar ɗana ta riƙo mayafina. "Inna, ki zauna."

"Sake ni!"

Likitan bai ɗaga murya ba. "Inna, aikin ya yi kyau. Jini ne ya daskare a sharaɓarsa, gudan ya ɓalle ya toshe huhu. Ranar sallama na ce in ƙafar ta kumbura a dawo da shi, kada a matsa. Akwai wanda ya yi masa tausa?"

"Ni ce," in ji matar ɗana da sauri.

Ƙarya take. Yarinyar nan har kuka ta yi mu koma asibiti. Na ce ta ba ni wuri, ni na haife shi. Da man zafi na murje ƙafar nan safe da yamma, yana cije baki yana cewa, "Inna, hannunki akwai albarka."