Kwarin da Ba Kowa

Ma'aikaciyar duba dam tana gama zagaya tafkin kamun kifinmu, ta ce muna cikin masu ƙaramin haɗari. Zo ku ga mijina Merle, baki har kunne.

"Kin ji ko, tsohuwa? Kullum ke ce dam na yoyo, dam na yoyo!"

"A'a, baba," in ji ma'aikaciyar. "Bangon nan ya zaizaye, ba lalle ya kai baɗi ba. Ƙaramin haɗari na nufin ko ya fashe ba mai mutuwa, tunda ba kowa a kwarin da ke ƙasansa."

Aka fara yayyafi. Ni dai idona na kan bishiyoyin kwarin, inda Merle, don gudun neman izinin gini, ya ɓoye wani gida mai taya, irin wanda mota ke ja. Jikokinmu na zaune a ciki.