Hannun da Alhaji Ya'u Ya Ɗaga

Malam Mika'ilu marini ne a cikin garin Bauchi. Karofi shida, wato ramukan rini, ya gada daga mahaifinsa a marinar da ke gindin ganuwa, da su yake ci yake sha. Yana da rufin asiri, yana da lafiya, amma tun ranar da aka zaɓi Ɗanlarai ɗan majalisar gari, tuwo ya daina yi masa daɗi.

Tare suka tashi, tare suka koyi tsoma zane a baba, karofinsu ma na jikin na juna. Yanzu ga Ɗanlarai bisa sabon keke, ana ce masa "ranka ya daɗe", shunin hannunsa ya fita tas. In ya tsaya gaisuwa, Mika'ilu sai ya amsa a daƙile, ya bi farin tafin nan da kallo. Hassada ce, ba ta da wani suna, shi ma ya san ita ce.

Saura shekara biyu a karɓi mulkin kai aka haɗe unguwarsu da ta maƙwabta, aka ce kujera ɗaya ce rabonsu. Ɗanlarai zai kara da wakilin waccan unguwar, Alhaji Ya'u mai motocin haya.

Ana saura mako guda a yi zaɓe, sai ga Alhaji Ya'u a marina. Ya tattare babbar riga, ya tsuguna a bakin karofi kamar ɗan gida.

"Malam Mika'ilu, ai kai ya kamata a gani a majalisa, ba wancan ba," in ji shi. "Rini sana'ar kakanni ce. Ina raye, ba mai taɓa ta."

Kan Mika'ilu ya kumbura. Shekara uku yana jiran wanda zai faɗi haka.

Kashegari Elias, akawun majalisar, mutumin Bogoro, ya kawo zanen matarsa a rina. Ya tarar da Mika'ilu yana ta tallar Alhaji ga sauran marina, sai ya ja shi gefe.

"Malam, kafin ka tsaya bayan mutum, zo ofis in karanta maka yadda ya ɗaga hannu a majalisa. Maganar asibiti, maganar rijiyoyi, har ta wannan wurin naku, duk a rubuce suke da sunan kowa. Ba sirri ba ne."

"Ɗanlarai ne ya aiko ka?"

"Ba wanda ya aiko ni."

"To riƙe takardarka. Na san Ɗanlarai tun bai da wando, ba sai an karanta mini shi ba."

Gaskiyar magana, tsoro yake ji kada a karanta masa wani alherin Ɗanlarai ya rasa inda zai sa shi.

Zaɓen na layi ne, kowa ya tsaya bayan wanda yake so a ƙirga kawuna. Mika'ilu ya ja marina goma sha ɗaya suka jeru bayan Alhaji Ya'u. Ɗanlarai ya waiwayo, suka haɗa ido da Mika'ilu. Da mutum huɗu aka kayar da shi. Ran nan Mika'ilu ya ci tuwo har da neman ƙari.

Daɗin bai kai wata uku ba. Wata safiya ya iso marina ya tarar an kafa turaku an ja igiya, ga mota ta juyo baya tana zazzage jar ƙasa cikin karofin mahaifinsa. Aka ce tashar mota za a yi.

Ya ruga gidan Alhaji, ya zauna a zaure tun hantsi har azahar. Da Alhaji ya fito, ko tsayawa bai yi ba.

"Majalisa ce ta yanke, Malam. Sai haƙuri."

Daga nan ya wuce ofis, ƙafa duk ƙasa, ya tsaya gaban teburin Elias.

"Karanta mini."

Elias ya buɗe. Sau biyu aka kawo maganar cike marina a baya. Sau biyu Alhaji Ya'u ya ɗaga hannu a cike, sau biyu Ɗanlarai ya ɗaga hannu a bari. Kowane karo bakwai da bakwai ake tashi, maganar ta mutu. A karo na uku aka tashi bakwai da shida.

"Hannu ɗaya ne ya riƙe muku wurin," in ji Elias. "Shi kuka sauke."

A hanyar komawa ya ga Ɗanlarai a bakin igiya, yana kallon nasa karofin ana binnewa. Mika'ilu ya so ya ratse, bai samu hanya ba.

"Ɗan'uwa," in ji Ɗanlarai, "da ni kaɗai ka kayar, da da sauƙi."

Ranar da aka yi bikin mulkin kai, Mika'ilu yana dako a sabuwar tashar, yana sauke buhunan gyaɗa daidai inda karofinsa suke a da. Marinan da ya ja layi sun daina amsa sallamarsa. Da ya zauna shan ruwa ya dubi tafinsa, shunin ya fita tas, kamar yadda ya daɗe yana sha'awa a hannun wani.

Jama'a, ɗan siyasa yana iya faɗin komai a ƙofar gidanka, amma hannun da ya ɗaga a majalisa shi ne ra'ayinsa na gaskiya. Kafin ka zaɓa, nemi a karanta maka abin da ya goyi baya da abin da ya ƙi, kuma kada hassada ta yi maka zaɓe, domin kai za ka zauna da sakamakon.